Sabon Agogo Daga Tarkacen Jiya

A cikin sana'o'in hannu da suka yi tashe a ƙasashen Turai da Amurka tun farkon wannan ƙarni, akwai wata wadda idan aka ba mutum labarinta da baki zai ɗauka aikin wanda ya rasa abin yi ne, domin masu ita, a zamanin da agogon roba mai batir ya yi arha har ana raba shi kyauta a wurin biki da hoton ango da amarya a fuskarsa, su sai su bi kasuwannin gwanjo da rumbunan tsofaffin kaya suna tsintar abin da duniya ta yar, tsohon gejin tukunyar jirgi, da kan famfo na tagulla, da ƙafar keken ɗinki, da kayan cikin agogon da ya daina bugawa tun kafin a haifi iyayensu, su kai gida su kwashe makonni suna wankewa suna gogewa suna gwadawa, har abin ya tashi agogo guda mai tafiya, wanda in ka gan shi za ka rantse daga ɗakin wani injiniya na zamanin Sarauniya Biktoriya aka ɗauko shi, alhali kuwa ba a taɓa ƙera irinsa a wancan zamani ba, kuma babu na biyunsa a wannan. Masu salon suna kiransa sitimfank, mu kuwa a nan za mu ce masa salon zamanin tururi.

Siffarsa ba ta ɓoyuwa. Gindin katako ne mai duhu wanda ya sha man shafawa, a kansa an kafa bututun jan ƙarfe biyu ko uku sun lanƙwasa sun tallafe wata tsohuwar fuskar agogo mai lambobin Rumawa, farinta ya koma ruwan ƙwai saboda shekaru. A gefe ga geji da allurarsa, ga kusoshi masu manyan kawuna an jera su a fili ba a rufe ba, sa'an nan ga faya-fayan tagulla masu haƙora, waɗanda makanikai ke ce wa giya, babba na cizon ƙarami suna juyawa sannu a hankali, ba murfi, ba shamaki, sai wani lokaci ƙoƙon gilashi da aka kifa don tare ƙura.

Asalin abin daga littattafai ne, ba daga maƙera ba. A shekarar 1987 wani marubucin hikayoyi Ba'amurke, K. W. Jeter, ya aika wasiƙa ga mujallar Locus yana neman laƙabin da zai haɗa irin rubutunsa da na abokansa biyu, Tim Powers da James Blaylock, waɗanda suka ɗauki ɗabi'ar mai da labari birnin Landan na ƙarni na 19 su cika shi da injunan da ba a taɓa yi ba, suna bin sawun Jules Verne na Faransa da H. G. Wells na Ingila. Cikin raha ya ba da sunan, sunan kuwa ya zauna. A wannan shekara ce kuma ya fitar da littafinsa wanda jaruminsa ɗan wani maƙerin agogo ne da ya gaji shagon ubansa bai gaji gwanintarsa ba. Bayan shekara uku William Gibson da Bruce Sterling suka wallafa hikayar da ta ƙaddara cewa Charles Babbage, masanin hisabin nan da ya tsara injin lissafi na faya-fayan ƙarfe amma ya rasu a 1871 bai ga kammalarsa ba, ya ci nasara, har Ingila ta shiga zamanin kwamfuta da ƙarfin tururi. Kada mai karatu ya ɗauka duk mafarki ne: gidan tarihin kimiyya na Landan ya bi zanen Babbage ya gina injin a 1991, aka murɗa hannunsa, ya yi lissafi daidai.

Da intanet ta yaɗu, sai masu hannu da shuni na basira, ba na dukiya ba, suka fara fitar da abin daga takarda zuwa teburin aiki. Wani Ba'amurke, Richard Nagy, ya shahara da ƙera madannan kwamfuta na tagulla da maɓallan tsohuwar tafireta; Haruo Suekichi na Jafan ya yi ta ƙera agogon hannu masu fata da maƙalai na ban mamaki; Roger Wood na Kanada ya yi suna da agogon da yake haɗawa daga tsince-tsince, alamarsa kuwa gashin tsuntsu da yake ɗaurawa a hannun daƙiƙa. Daga watan Oktoba na 2009 zuwa Fabrairun 2010 gidan tarihin kimiyya na Jami'ar Oksfod, wanda ke ajiye da usɗurlabai na malaman Musulmi na da, ya buɗe ƙofarsa ga ayyukan mutum 18 daga cikinsu a ƙarƙashin kulawar Art Donovan, kuma tun daga nan ba a ƙara kallon abin a matsayin wasan yara ba. Yau birnin Linkon na Ingila yana tara dubban masoya salon kowace shekara, haka garin Oamaru na ƙasar Niyu Zilan, inda aka mai da wani tsohon ginin dutse gidan nuninsu.

To, me ya sa agogo ya zama shugaban kayan wannan salo, ya fi fitila da tabarau da sanda? Dalilin yana cikin tarihi. Kafin jirgin ƙasa kowane gari a Ingila da nasa lokaci, gwargwadon sa'ar da rana ta yi zawali a kansa, ta yadda Biristol take bayan Landan da minti goma, babu kuwa wanda abin ya dama, tun da mai tafiya a keken doki ba ya jin asarar minti goma. Da jirgin tururi ya zo, jadawalin tashi da sauka ya rikice, har kamfanin Great Western ya ɗora tashoshinsa bisa lokacin Landan a 1840, sauran suka bi, doka ta tabbatar da lokacin Girinwic ga ƙasar a 1880. Har gobe agogon da ke jikin tsohuwar kasuwar hatsi ta Biristol yana da dogayen hannaye biyu, ɗaya na lokacin gari ɗaya na lokacin jirgi. Tururi ne ya tilasta wa talaka ya san minti, saboda haka wanda ke son ya zana hoton wannan zamani da ƙarfe, babu abin da zai riga agogo zuwa hannunsa.

Kayan aikin kuwa sun samu ne ta hanyar musibu biyu da suka faɗa wa sana'ar agogo, bayan wata yalwa da ta gabace su. Yalwar ita ce ta ƙarni na 19, lokacin da maƙeran jihar Konetikat ta Amurka, irin su Eli Terry da Seth Thomas da Chauncey Jerome, suka gano hanyar fitar da agogo dubu-dubu iri ɗaya, da farko da faya-fayan katako, daga baya da tagullar da inji ke datsewa, har agogo ya shiga ɗakin manomi; a Jamus kamfanin Junghans, wanda aka kafa a 1861, ya kai ga zama mafi girma a duniya a farkon ƙarni na 20, yana fitar da miliyoyi a shekara, Waltham da Elgin na Amurka kuma suka cika aljihunan mutane da agogon sarƙa. Musiba ta farko ta zo ranar Kirsimeti ta 1969, da kamfanin Seiko ya fitar da agogon hannu mai aiki da ɗan tsinken dutsen kwaz, wanda wutar batir ke sa shi kaɗawa sau 8,192 a daƙiƙa guda, ana raba adadin biyu-biyu sau 13 har ya dawo bugu ɗaya. Cikin 'yan shekaru irin wannan ya fi mai wani arha da daidaito, ma'aikatan agogo a Suwizalan suka ragu daga kimanin 90,000 a 1970 zuwa wajen sulusin haka kafin ƙarshen shekarun 1980, masu gyara suka rufe shaguna suka bar akwatuna cike da kayan gyaran da babu mai nema. Ta biyun kuwa zinariya ce ta jawo ta: duk sa'ad da farashinta ya hau, kamar yadda ya yi a 1980 da 2011, sai dillalai su ɓare agogon aljihu su narkar da gidansa, su bar injin tsirara, kyakkyawa mai zanen ado da jajayen duwatsu a mahaɗansa, ana sayar da shi a tsibi. Waɗannan marayun injuna su ne jarin masu salon tururi.

Kafin a fahimci inda wuyar aikin take, wajibi ne a san abin da ke gudana a cikin agogo mai wani. Ƙarfinsa daga ɗayan abu biyu yake, ko nauyi da aka rataya yana saukowa, ko sifirin, wato doguwar tsiriryar ƙarfe da aka naɗe ta tana neman warwarewa. Wannan ƙarfi yana ratsa jerin faya-fayai, kowane babba yana juya ƙaramin da ke gabansa, gudu na ƙaruwa ƙarfi na raguwa, da za a bar su da sun zuba a guje sun ƙare wanin mako guda cikin 'yan daƙiƙu. Abin da ke hana haka wata sakata ce mai baki biyu da ke zaune bisa faifan ƙarshe, tana kama haƙori ta saki, ta kama na gaba ta saki, tamkar makiyayin da ya tsaya a bakin garke yana fitar da awaki ɗaya bayan ɗaya don ya ƙidaya su. Wannan kamawa da saki shi ne ƙarar da kunne ke ji. Mai ba sakatar umarni kuwa shi ne lilo, wanda Christiaan Huygens na ƙasar Holan ya fara ɗaura wa agogo a 1656, bisa ƙa'idar da Galileo ya lura da ita, cewa lokacin kai-komon lilo ya rataya ne ga tsawonsa, ba ga nauyinsa ba. Lilo mai tsawon kusan mita guda yana cin daƙiƙa ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan, shi ya sa agogon tsaye na Turawa ya fi mutum tsawo. In aka rage shi zuwa rubu'in haka, sai ya ci rabin daƙiƙa.

Daga nan ne mas'alar ta taso, domin faifai ba ya cizon kowane faifai. Dole girman haƙoran biyun ya zama ɗaya, tazarar da ke tsakanin gindinsu kuma ta dace har abin da bai kai kaurin gashi ba, in sun matsu su cije, in sun yi nisa su zame. Lissafin haƙoran kuma dole ya fita, ta yadda dogon hannu zai zaga sau 12 kafin gajere ya zaga sau ɗaya. Wanda ya ɗauko faifai daga agogon Jamus na 1900 ya ce zai aura shi da na Konetikat na 1880, galibi zai tarar ba su jituwa. Saboda haka akasarin masu wannan sana'a suka zaɓi sauƙi: su sayi ɗan injin batir sabo, su ɓoye shi a bayan tsohuwar fuska, shi ke tafiyar da hannaye, faya-fayan da ake gani a waje kuwa ko dai an liƙe su da gam ba sa motsi, ko an ba su wata 'yar mota ta lantarki daban tana juya su don kallo kawai. Ko wannan ma yana da nasa ilmi, gama injin batir na yau da kullum rarrauna ne, an yi shi don hannayen gorar ruwa marasa nauyi, in aka ɗora masa tsofaffin hannayen tagulla sai ya kai ƙarfe tara ya kasa hawa. Sai an nemi mai ƙarfi, a auna tsawon sandarsa da kaurin fuskar, a sa wa dogon hannu ɗan nauyi a wutsiya don ya daidaita.

Kaɗan daga cikinsu suka ɗauki hanya mai tsawo. Su ne masu neman tsohon inji cikakke su raya shi, su gina masa sabon gida a buɗe, ko kuma, kamar Eric Freitas na jihar Mishigan, su koyi yanka faya-fayansu da kansu daga farantin tagulla. Akwai kuma wata jama'a da ta karkata ga ƙwan Nixie, wato kwalaben gilashi masu iskar niyon da lambobi goma na waya a jere a ciki, waɗanda kamfanin Burroughs ya fitar a 1955, Tarayyar Sobiyet kuma ta ƙera su da yawa har ragowarsu ta cika kasuwa bayan rushewarta; lambar da aka ba wuta sai ta yi ja kamar garwashi. Ba na zamanin Biktoriya ba ne ko kusa, amma sun dace da tagulla, sai aka yafe musu. Suna bukatar wuta mai ƙarfin wajen bolt 170, don haka ba wurin koyon yaro ba ne.

A ganina, kuma ba ni kaɗai ba, domin su kansu 'yan salon sun yi wa masu liƙe-liƙe waƙar shaguɓe tun 2011, falalar wannan sana'a tana cikin daidaituwar zahiri da baɗini. Abin da ya tunzura mutanen nan tun farko shi ne gajiya da na'urorin zamani da aka rufe ruf, waɗanda mai su ba ya ganin cikinsu, ba ya iya gyara su, ranar da suka tsaya sai bola. Wanda ya gudu daga wannan, sa'an nan ya ɓoye akwatin roba a bayan faifan da ba ya aikin komai, ya koma inda ya baro ta ƙofar baya. Ba na cewa haramun ne, ado halal ne, kuma mai ƙaramin ƙarfi da shi zai fara. Sharaɗi dai a gaya wa mai saye gaskiya, kada ya biya kuɗin injin wani ya tafi gida da na batir. Magabata sun riga sun nuna yadda ake haɗa ado da aiki. Badi'uzzaman al-Jazari, injiniyan sarakunan Diyar Bakr, ya bayyana a littafinsa na 1206 agogon ruwa mai siffar giwa, da mahayi, da macizai, da shaho mai sakin ƙwallo daga bakinsa kowane rabin sa'a. Kallo ne na sarakuna, amma duk motsin da ido ya gani yana ɗaure ne da igiya zuwa ga wata tasa mai huji da ke nutsewa a hankali cikin ruwa a cikin giwar, babu tsuntsu ko maciji da ke motsi don banza.

Wanda ya samu tsohon inji a hannunsa, abin da ya fara wajaba a kansa shi ne kwance ƙarfin sifirin kafin ya taɓa kusa ko ɗaya. Gwani yakan sa makulli mai santsin mariƙi a sandar wani, ya ɗaga 'yar sakatar da ke hana ta komawa baya, ya bar mariƙin yana zamewa cikin tafinsa kaɗan-kaɗan har ƙarfin ya mutu. Jahili kuwa yakan kwance faranti kai tsaye, sifirin agogon kwana takwas ya fashe, ya karya haƙora ya tsaga yatsa. Bayan haka a ɗauki hoton kowane mataki, a jera faya-fayai bisa tsarinsu, a wanke tsohon man da ya daskare ya zama baƙin danƙo, a soka tsinken itace a kowane rami a murza har ya fito fari. Ramin da ya ci ya zama mai siffar ƙwai sai a faɗaɗa shi a dasa masa sabon zoben tagulla. Mai kuwa ɗigo ne a kan allura, a bakin ramuka da bakin sakata kaɗai, ba a shafa wa haƙoran faya-fayai, kuma man fesawa na kwance tsatsa ba na agogo ba ne, yana tara ƙura ya cinye ƙarfe. Game da gogewa akwai saɓani: wasu na son tagulla ta yi ƙyalli, wasu na ganin duhun da shekaru suka shafa mata shi ne rabin darajarta, har sukan turara sabon bututu da hayaƙin sinadari don ya yi tsufan ƙarya ya saje da maƙwabtansa.

Akwai haɗarin da ido ba ya gani. Daga lokacin Yaƙin Duniya na Farko har cikin shekarun 1960 an riƙa shafa wa lambobi da hannayen agogo fenti mai radiyam don su haskaka da dare, musamman agogon ƙararrawa da na soja da gejin jirgin sama, waɗanda su ne masu salon tururi suka fi kwaɗayi. 'Yan matan da suka yi aikin shafa shi a jihar Niyu Jasi, waɗanda aka koya wa lasar bakin buroshi don ya yi tsini, da yawansu ƙasusuwan muƙamuƙinsu suka rube suka mutu, shari'arsu ta 1928 ta zama sananniya a tarihin haƙƙin ma'aikata. Hasken fentin yakan mutu bayan shekaru, amma radiyam ɗin yana nan, sai bayan shekara 1,600 rabinsa ke ƙarewa. Saboda haka fuskar da lambobinta suka yi kumburi launin ƙasa-ƙasa kyan ɗan maciji ce, ba a kankare ta, ba a hura ta, ba a sa mata samfefa. Haka wasu lilon na da suna ɗauke da kwalaben zaiba, tsohon fenti kuma sau da yawa akwai dalma a cikinsa.

Babbar jayayya dai tsakanin 'yan salon take da masu tara tsofaffin agogo da masu gyara, waɗanda ke kallon ɗan salon tururi da filaya a hannu kallon mai ɓarna, kuma hujjarsu ba ta da rauni: injin da aka ɓalle don a yi ado da faifansa guda ba ya komawa, wataƙila kuwa shi kaɗai ne ya rage da zai ba wani agogon gado kayan gyara. Masu hankali daga cikin 'yan salon sun karɓi ƙa'idar cewa ba a yanka mai rai: a duba sunan maƙeri da lambar da ke jikin farantin, a tambayi masani, in abin na hannu ne ko mai wuyar samu a bar shi ga ahalinsa, in kuwa ɗaya ne daga miliyoyin da inji ya datse, ya riga ya karye, gyaransa ya ninka kuɗinsa, to ɗaukarsa ceto ne, tun da makomarsa tukunyar narka ce.

Wannan makoma ba baƙuwa ba ce a wurinmu, inda 'yan gwangwan ke bi lungu-lungu suna sayen tagulla da jan ƙarfe a kan sikeli, ba ruwansu da ko faifan agogo ne ko kan famfo, tsofaffin masu gyaran agogo kuma, masu ɗan akwatin gilashi a bakin kasuwa da madubi maƙale a ido ɗaya, aikinsu ya koma canjin batir da ɗaurin maɗauri, gwangwanayensu cike da injunan da masu su ba su dawo karɓa ba. Matashin da ke sha'awar gwada wannan sana'a, wurinsu ya kamata ya fara zuwa, ya durƙusa ya ce Baba a koya mini, domin kaya da ilmin duka suna nan a teburi ɗaya. Sai dai ya sani ƙurar hunturu ba ta ƙyale inji a buɗe, dole ya tanadi gilashin rufewa. In ya gama haɗawa ya kafa agogon a wuri mai daidai, ya saurara har bugun dama da na hagu su zama tazara ɗaya, sa'an nan ya gwada shi da lokacin rediyo har mako guda: in yana gudu ya sassauto notin da ke ƙarƙashin lilo, in yana jinkiri ya matsa shi sama, juyi kaɗan a kowace rana, yana rubuta abin da ya samu.